Jadawalin Talabijin Ya Kamata Ya Bi Agogon Gidajenmu

Kwanakin baya kawuna ya zo Maraɗi daga ƙauyensu na yankin Madarunfa domin a duba masa ƙafa, ya sauka a gidanmu. Da yake likita ya hana shi yawo, sai ya zamana yana wuni a ɗaki gaban talabijin. Wata safiya ɗaya daga cikin tashoshinmu na gida ta sanar cewa bayan la'asar za ta kawo shiri da Hausa kan yadda ake adana wake ba tare da an zuba masa magani ba. Kawu manomin wake ne, kuma bara ƙwari sun yi masa ɓarna, saboda haka yana idar da sallar la'asar ya jawo tabarma ya zauna.

Lokacin ya yi, har ya gota. Abin da ya bayyana a allon shi ne maimaicin bikin buɗe wani taron bita a wani otal na Yamai. Kyamara tana bin dogon tebur mai farin ƙyalle da gorunan ruwa a jere, manyan baƙi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna karanta jawabi da Faransanci, kowanne yana sake gaida mutanen da na gabansa ya riga ya gaisar. Ba a ce an ɗage shirin waken ba, ba a faɗi ranar da za a kawo shi ba, ba a kuma ba kowa haƙuri ba. Da aka kira magariba Kawu ya naɗe tabarmarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, kashe abin nan, ba da mu suke magana ba."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ya faɗa. Tun daga lokacin nake lura da yadda tashoshinmu na kowa da kowa suke raba yini, wato waɗanda suke haɗa labarai da addini da wasan kwaikwayo da kiɗa da wasanni da shirin yara a rana guda. Ra'ayina shi ne wannan haɗin abu ne mai kyau wanda ya kamata a kare, amma rabon lokutan da ake yi masa babu adalci a ciki. Ana tsara jadawalin bisa agogon ma'aikacin ofis na Yamai da harshensa, alhali mafi yawan masu kallo agogonsu salla ce da gona da kasuwa da girki. Sa'o'in da ke tsakanin sallar isha'i da ƙarfe goma na dare, lokacin da gida yake cika, ya kamata a ba su abin da ya shafi mafi yawan jama'a, cikin harshen da suke ji, kuma in an ce za a kawo shiri a kawo shi.

Yadda yini yake tafiya

Wanda ya taɓa wuni a gida ya san tsarin, ko da tashoshin sun ɗan bambanta. Da sassafe ana buɗewa da karatun Alƙur'ani da gajeren wa'azi, wannan kuwa ya dace da lokacinsa. Daga nan sai maimaicin labaran daren jiya, sai waƙoƙin bidiyo a jere har hantsi ya ɗaga, sai fim mai dogon zango na Indiya ko Turkiyya ko Kudancin Amurka wanda aka juya zuwa Faransanci. Da rana a kawo labarai, bayansu a sake maimaita wani abu na makon jiya, da yamma a sa wa yara katun na waje.

Shirin lafiya da na noma da na ilimi suna nan, ba a ce babu su ba, sai dai ana cusa su a gurbin da ba wanda ya saya, kuma su ne na farko da ake turewa idan wani abu ya taso. Labaran harsunanmu ana kawo su a taƙaice, sau da yawa a lokacin da maza suke hanyar masallaci, mata kuma suna kan murhu. Idan dare ya yi, kowa ya ci abinci ya zauna, sai babban labarai na Faransanci ya shigo ya daɗe, mahawara ta biyo baya, ita ma da Faransanci, tsakanin fuskokin da aka saba gani.

To, su wane ne a gida a kowane lokaci daga cikin waɗannan? Da hantsi masu kallo matan aure ne da tsofaffi da ƙananan yara da masu jinya. A Maraɗi mata da yawa sana'arsu a cikin gida take, wata tana tuyar ƙuli-ƙuli tana matse mai, wata tana ɗinki, wata tana dafa zogala, wata tana kiwon jar akuya a bayan ɗaki, talabijin kuwa yana kunne suna aiki suna saurare. Waɗannan su ne masu kallon da suka fi kowa daɗewa gaban allo, kuma su ne aka fi yi wa rowar abu mai amfani.

Manomi kuma lamarinsa ya fi fitowa fili. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke zaune, kuma mafi yawan ƙauyuka wutar lantarki ba ta kai musu ba. Talabijin ɗin ƙauye da batirin sola ko janareto yake aiki, a shago ko wurin mai shayi ko gidan wani mai hali, ba a kuma kunna shi sai duhu ya shiga, domin ana tattalin caji da mai. Saboda haka shirin noma da aka sa ƙarfe goma sha ɗaya na safe babu manomin da zai gan shi, balle da damina da yake gona tun asuba. Mai tsara jadawali kamar uwargida ce mai rabon tuwo: tuƙawa kaɗai ba ta isa a ce ta ciyar da gida ba, sai kowa ya samu malmalarsa a lokacin da yake nan.

Abin da ido ne kaɗai yake koya

Wani zai ce rediyo yana nan, kuma gaskiya ne rediyo ya fi talabijin shiga ƙauye. Amma akwai ilimin da sai an ga hannu yana yi ake ɗauka. Buhun adana waken nan da ake kira PICS, wanda masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a nan Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, ruɓi uku ne, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Ana shanya waken ya bushe sarai, a zuba a ledar ciki, a matse iskar ta fita, a murɗa bakin a lanƙwasa a ɗaure, sannan a ɗaure leda ta biyu daban, a ɗaure buhun waje daban. Ƙwarin da ke ciki iska ce take ƙare musu. Wanda ya haɗa bakunan uku ya ɗaure wuri guda, ko ya zuba wake a ledar da ta huje, ya yi asarar kuɗinsa, zai kuma je ya faɗa wa maƙwabta cewa buhun ƙarya ne. Minti biyar na hoto sun isa su hana wannan.

Haka sassabin zamani yake, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980 har ya mayar da itatuwa cikin miliyoyin hekta na gonaki a nan da Damagaram. Gaba ɗayan dabarar ita ce sanin wane tsiro za a bari a jikin kututture, wanne za a sare, da yadda ake riƙe wuƙa kada a ji wa itacen ciwo. Haka igiyar awon damtsen yaro mai launin kore da rawaya da ja, wadda uwa za ta iya gane tamowa da ita tun kafin ta yi nisa. Haka kuma maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata da damina: ma'aikaci yana ba da na ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku kuwa uwa ake bar wa, kuma a nan ne ake yawan samun giɓi. Tunatarwa ta minti ɗaya da hantsi, a ranakun da ake rabon, aiki ne da talabijin zai yi cikin sauƙi.

Ba baƙon abu nake nema ba. Talabijin a ƙasar nan da koyarwa ya fara, domin tun 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka soma watsa darussa zuwa azuzuwan firamare, kuma Nijar tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka gwada hakan. Sai a 1979 Télé Sahel ta zama tashar jama'a baki ɗaya. Waɗanda suka kafa abin sun ɗauka cewa allon nan zai iya koyar da mutum wani abu, kuma ban ga dalilin da zai sa mu sauke wannan fatan ba yanzu da tashoshi suka yawaita.

"Ƙasar ba ta Hausawa kaɗai ba ce"

Wannan ita ce hujja ta farko da ake kawo mini, kuma ina girmama ta. Nijar ƙasa ce ta Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari da Tubawa da Gurmawa da Larabawa, kuma tashar da take ta kowa dole kowa ya ji muryarsa a cikinta. Masu wannan hujja suna cewa Faransanci ne harshen da ba na kowa ba, saboda haka shi ne ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Amma a duba wa ya amfana da wannan tsari. Sa'ar da nake magana a kanta ba Zabarmanci ne ya cinye ta ba, ba kuma Fulatanci ba. Bazabarmen ƙauye a Tilaberi da Bahaushen ƙauye a Dakoro matsayinsu ɗaya gaban babban labarai na dare, dukansu hoto suke kallo suna jiran wani ɗan makaranta ya fassara musu. Manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai rabi ba, masu jin Faransancin jawabin minista kuwa sun fi haka ƙaranci. Wannan ma shi ya sa rubuta fassara a ƙasan allo ba zai warware komai ba, murya ce ya kamata a ɗora a kan jawabin.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, ya kuma ambaci sauran harsunanmu da sunayensu. Kowane irin ra'ayi mutum yake da shi kan wannan mataki, ba ya yiwuwa a ce harshe na ƙasa ne a takarda, amma a jadawali shi ne mai karɓar ragowar lokaci.

Abin da nake gani ya dace shi ne bayan isha'i a kawo cikakken labarai da Hausa da kuma Zabarmanci, da hotunan da rahotannin da ake sa wa na Faransanci, ba taƙaitawar da mai karatu zai zauna ya zayyano ba. Sauran harsuna kowanne ya samu lokacinsa tsayayye da ba a taɓawa. Labaran Faransanci su koma ƙarfe goma. Masu jin Faransanci su ne suka fi kowa hanyoyin samun labari, suna da waya da jarida da tashoshin waje, kuma galibinsu a birni suke inda wuta take kaiwa dare. Jiran sa'a guda ba zai cutar da su ba.

"Tasha da kuɗi take tafiya"

Wannan hujjar ta fi nauyi, kuma duk wanda ya san halin da ma'aikatan gidajen talabijin suke ciki ba zai raina ta ba. Shirya shiri na rabin sa'a a ƙauye yana cin mota da mai da kyamara da ladan mutane, alhali tsohon fim na waje da aka saya da araha zai cika wata da watanni. Kuma sanannen abu ne cewa yawancin bukukuwan buɗe taro da rufe taro da muke gani masu taron ne suke biyan kuɗin ɗauka. Tashar da ba ta da wani abin shiga ba za a ce ta ƙi karɓa ba.

Ban ce ta ƙi ba. Cewa nake a ware wa irin waɗannan rahotanni gurbinsu, a faɗi a fili cewa biya aka yi, a daina cakuɗa su da labarai, kuma kada a ture shirin da aka yi wa mutane alkawari saboda su. Idan rahoton taro ya zama dole, a faɗa mana abin da aka yanke da yadda zai shafe mu. Minti biyu na ma'ana sun fi minti goma na gaisuwar manyan baƙi.

Akwai kuma tallan masu maganin gargajiya, wanda yake cikin abubuwan da suka fi damuna. Mutum ya sayi lokaci daidai sa'ar da uba da uwa da ƴaƴa da suruka suke zaune wuri ɗaya, ya shiga bayanin abin da ko a tsakanin manya sai an sakaya, har maigida ya rasa inda zai sa kansa ya hau laluben rimot. Wannan matsalar kunya ce, kuma mayar da tallan can cikin dare zai magance ta. Wadda ta fi ta haɗari ita ce a bar mutum ya ce garinsa guda yana warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda, domin akwai mai jinyar da zai ajiye maganin asibiti saboda ya ga abin a talabijin. Irin wannan kuɗin bai kamata tasha ta karɓa ba a kowace sa'a.

Sannan ina ganin ana raina kasuwar da ke cikin shirin harshen gida. Mai talla inda idanu suke yake bi. A ƙidayar 2012 jihar Maraɗi tana da mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400, ita ce ta biyu a yawan jama'a bayan Damagaram, kuma birnin shi ne cibiyar kasuwancin ƙasar. Masu sayar da taki da iri da babura da farantan sola da kamfanonin waya da na aika kuɗi, abokan cinikinsu su ne mutanen da nake magana a kansu. A ɗauki misali da farashin kasuwa: hukumar SIMA tana tattara farashin amfanin gona a kasuwannin ƙasa mako mako, aikin ya riga ya kammalu. Da za a ware minti goma kowane dare a faɗi nawa tiyar hatsi da ta wake da ta aya take a Maraɗi da Tasawa da Gidan Rumji, da manomi da ɗan kasuwa da uwargida duk sai sun zauna, kuma da wuya a rasa alhajin da zai ɗauki nauyin shirin. Masana ma ba sai an ɗauko su daga nesa ba, ga cibiyar bincike a Tarna, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Tashar gwamnati kuwa nauyin da ke kanta ya fi na masu zaman kansu, domin da kuɗin jama'a take aiki, kuma duk mai biyan kuɗin wuta yana biyan wani ɗan haraji dominta a cikin takardarsa.

"Mutane fim suke so"

Suna so ƙwarai, ni ma ina so, kuma ba na cikin masu neman a mayar da yini gaba ɗaya aji. Mutumin da ya wuni a rana yana da haƙƙin ya zauna ya yi dariya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai dattawa da malamai da suke cewa a cire kiɗa da wasa baki ɗaya a bar wa'azi da labarai. Ina fahimtar abin da yake damunsu, musamman wasu waƙoƙin bidiyo da ake sakewa da rana tsaka yara suna gida, amma maganin wannan tacewa ce da zaɓen lokaci. Tashar da ta kori nishaɗi matasa za su gudu su bar ta, wa'azin ma ba za su ji ba. Amfanin haɗin shi ne wanda ya zo kallon wasa ya tarar da hasashen ruwan sama, wanda ya zo jin labarai ya tsaya ya ga wasa tare da ƴaƴansa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce na waje kaɗai mutane suke so. Duk shekara idan aka fara kokowar takobi, wadda aka soma a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, har filin kokowar garinmu yake ɗauke da sunansa, kasuwa kanta takan yi sanyi. Za ka ga mutane sun yi cincirindo gaban ƙaramin talabijin a shagon tela, masu kabu-kabu sun jingine babura, ana bayani da Hausa da Zabarmanci, kuma ba wanda yake tambayar ina fim ɗin Indiya. Waɗanda suka girma a shekarun 1980 kuma suna tuna yadda wasan kwaikwayon Hausa na gidan talabijin yake tara unguwa guda a ƙofar gida ɗaya.

Watan azumi ma shaida ne. A cikinsa tashoshinmu suna sake jadawali gaba ɗaya, tafsiri ya samu lokacinsa, a san sa'ar shan ruwa, a san lokacin da aka dawo daga asham, a ajiye wasan barkwanci daidai inda ake bukatarsa. Ashe an san agogon jama'a, an kuma iya binsa. Abin tambaya shi ne me ya hana a bi shi a sauran wata goma sha ɗaya.

Yara kuwa kusan rabin al'ummar ƙasar nan ne, domin kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Rabonsu a yini bai wuce katun na wani harshe ba. Tatsuniya da kacici-kacici da gasar karatu tsakanin makarantu, da bitar lissafi ga masu shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare idan watan Yuni ya gabato, duk abubuwa ne da ba sa bukatar fita daga ɗakin ɗaukar shiri.

"Ai sai ka canza tasha"

An riga an canza, kuma wannan shi ne abin tsoron. Katsina ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba a kan Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 600. Tun da tashar Arewa24 ta Kano ta fara aiki a 2014 tana watsa shirye-shiryen Hausa dare da rana, ga kuma sauran tashoshin Hausa na tauraron ɗan'adam, gidaje da yawa a Maraɗi can suka koma. Masu hali kuma suna biyan kuɗin wata na tashoshi irin su Canal+. Ban ga laifin kowa ba, ƴan'uwanmu ne na ƙetaren iyaka, harshenmu ɗaya, kuma sun iya aikinsu.

Sai dai tashar Kano ba za ta faɗa mana ranar da za a fara rigakafi a Mayahi ba, ba za ta faɗi ranar komawa makaranta a Nijar ba, farashinta da naira yake, hasashen ruwanta na wasu garuruwa ne. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwa mai yawa ya sauka a birnin Maraɗi, gidaje suka rushe, aka rasa rayuka. A irin wannan rana ana bukatar muryar gida da mutane suka saba da ita, ta faɗi unguwar da za a bari da makarantar da za a fake. Tashar da ta saki masu kallonta a ranakun lafiya ba za ta same su a ranar tashin hankali ba, domin dikodar tana kan wata tasha.

Waya ma ba ta maye gurbin ba. Tana cin kuɗin data, a gidaje da yawa tana hannun maigida shi kaɗai, kuma saƙon murya na WhatsApp ba a san wanda ya fara shi ba, gaskiya da ƙarya tare suke yawo. Talabijin ne kaɗai ya rage wanda gida guda yake kallo tare, wanda idan an faɗi abu uwa da uba da kaka duk sun ji a lokaci ɗaya, su tattauna a kai kafin a kwanta.

Gyaran da ba ya cin ko dala

Wasu gyare-gyaren suna bukatar kuɗi, amma cika lokaci ba ya bukata. A karanta jadawalin yini da baki, da safe da kuma bayan labarai, cikin harsunan da ake ji, a haɗa ƙarfe da lokacin salla domin wanda ba ya duba agogo. Idan dole ta sa aka ɗage shiri, a fito a faɗa, a ba da haƙuri, a faɗi ranar da za a kawo shi. Maimaici kuma da ake cika yini da shi a yi shi da lissafi: shirin da aka sa da dare domin ƙauye a sake sa shi washegari da hantsi domin matan gida.

Akwai wani ƙaramin abu da mai zama a Yamai ba lallai ya lura da shi ba. Agogon ƙasar ɗaya ne, amma rana tana faɗuwa a Maraɗi kimanin minti 20 kafin ta faɗi a Yamai, a Difa kuwa kimanin minti 40. Shirin da aka tsara ya ƙare gab da magaribar Yamai, a wurinmu ƙarshensa cikin salla yake faɗawa, a gabas kuwa rabinsa. Magaribar kanta tana tafiya, a nan Maraɗi wajen ƙarfe shida take a watan Nuwamba, ta kai wajen bakwai a watan Yuli. Jadawali guda na shekara gaba ɗaya ba zai taɓa dacewa ba.

Saboda haka a riƙa sake shi da damina da kaka da rani, abin da ke cikinsa ma ya bi lokacin: zaɓen iri da hasashen ruwa kafin shuka, zazzaɓi da tsutsar zangarniya da damina, ajiya da farashi da kaka, noman rani irin na Jiratawa da sanyi, sanƙarau da ƙyanda idan zafi ya shigo. Kafin a fitar da na kowane zango kuma, a tuntuɓi wakilan tashar na jihohi takwas, domin su ne suka san ranakun manyan kasuwanni da lokacin da mutanen yankinsu suke dawowa daga gona.